Ɗan da ya tashi a shago, me zai ƙaru da shi a karatun Biznes Admin?

Tambaya: Malam, na gama sakandare bana, ina shirin cike JAMB. Mahaifina yana da shagon atamfa a Kantin Kwari, kuma tun ina ƙaramar sakandare nake zama a shagon bayan an tashi daga makaranta. Ina son in karanta Biznes Admin a jami'a, amma Baba ya ce kasuwanci ba a aji ake koyonsa ba. Abokaina kuma suna cewa kwas ne na waɗanda suka rasa abin karantawa, wai ba a samun aiki da shi. Me ake koyarwa a cikinsa, kuma ya dace in shiga?

Amsa: Ɗana, ka gaishe min da Alhaji, ka ce masa wani malamin da yake koyar da wannan kwas ɗin ya ce maganarsa gaskiya ce. Na daɗe ina shiga aji, ban taɓa ganin ranar da muka koya wa ɗalibi yadda ake gane mai saye da gaske daga mai zagayen kasuwa ba. Ba ma koyar da yadda ake cewa albarka ba tare da an kori kwastoma ba, ko yadda ake gane wanda za a ba bashi daga yanayin sallamarsa. Wannan ilimi ne na zama a bakin shago, kuma kai ka riga ka fara shansa. Da za a ajiye ni da kai a layin 'yan atamfa a ce mu sayar da dila guda kafin la'asar, na san kai za ka riga ni.

To amma ciniki daban, tafiyar da kasuwanci daban. Abin da sunan kwas ɗin yake nufi ke nan in aka fassara shi: ilimin gudanar da harkar kasuwanci. Ba sayarwa ake koya maka ba, ana koya maka yadda za ka ɗauko harkar da take cikin kan mutum ɗaya ka shimfiɗa ta a takarda, yadda wani zai iya dubawa ya gane, ya gano inda take yoyo, ya kuma ci gaba da ita ko da mai ita ba ya nan. Bari in ba ka misali da kayanku, don kada maganar ta zama ta iska. Lambobin nawa ne na ƙirƙira don lissafi ya yi sauƙi, kai ka fi ni sanin farashin yau.

A ce kun saro turmi 100 na atamfa, kowane a kan naira 10,000. Uwar kuɗi miliyan ɗaya ke nan. Kuka sayar da kowane turmi 11,500, ciniki ya kama 1,150,000. Duk wanda ka tambaya zai ce an ci ribar 150,000. Cire kuɗin mota da na 'yan dako da abincin yaran shago da kason hayar wannan lokacin, a ce 40,000, saura 110,000. Har yanzu riba ce. Sai dai turmi 30 daga ciki wani tsohon kwastoma ne ya ɗauka zuwa garinsu, sai ya sayar zai kawo, wato 345,000 tana hannun wani. Abin da ke cikin aljihun shago 765,000 ne. Kuka koma sari, aka ce kaya sun tashi, turmi yanzu 12,000. Kuɗin da ke hannunku turmi 63 za su saya. Ko da mutumin nan ya biya bashinsa cif a ranar, turmi 92 za ku iya ɗauka. Idan kuwa an riga an zare waccan 110,000 an yi cefane da kuɗin makaranta da ita, da sunan ai riba ce, to turmi 83 za su dawo kan kanta a maimakon 100.

Ka ga shagon ya ci riba a baki, amma ya rame a jiki. Wannan ba tatsuniya ba ce. Bayan da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin shekarar, 'yan kasuwa da yawa masu sayar da kayan da ake shigowa da su daga waje sun yi ta ciniki, kuɗi suna shigowa fiye da da, kaya kuma suna raguwa a kan kanta. Tsofaffin 'yan kasuwa irin su Alhaji sun san wannan ba tare da wani ya koya musu ba, shi ya sa za ka ga suna tambayar farashin dala kafin su faɗi kuɗin kaya. Amma a ka suke riƙe da shi. Kai yana iya riƙe lissafin shago ɗaya, mai kaifin basira ya riƙe biyu ko uku. Idan shaguna suka kai goma, da sito a wani wuri, da yara ashirin, da kaya a kan ruwa daga Sin, to kai ya gaza, ko na wane ne. Daga nan ne aikin abin da muke koyarwa yake farawa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo, wanda na tabbata ka taɓa gani a kasuwarku. Attajiri zai rasu, ranar sadakar uku kowa yana faɗin yawan dukiyarsa. Bayan shekara biyu ka zo ka tarar an raba shagunan, wasu an sayar, wasu an ba da haya, sunan ma ya ɓace daga layin. Mutane su ce 'ya'yan ne ba su da kirki. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuwa ba laifin 'ya'yan ba ne: babu wanda ya san wa ake bi, wa yake bin marigayi, wane kaya ne nasa, wane ne na amana, nawa ne jarin ƙaninsa da ya zuba tun shekara ashirin da suka wuce. Komai yana cikin kan mutumin da aka binne. Gidajen da kasuwancinsu ya wuce kaka zuwa jika, irin gidan Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955 amma har yau zuri'arsa suke cikin manyan 'yan kasuwar ƙasar nan, ba addu'a da sa'a kaɗai suka riƙe su ba. An mayar da harkar kamfani, da rajista, da akawu, da littattafai, da ma'aikatan da ba dole sai 'yan gida ba.

Yanzu ga abin da za ka tarar a aji. Digirin shekara huɗu ne ga wanda ya shigo ta JAMB, uku ga wanda ya shigo kai tsaye aji biyu da difloma ko NCE ko IJMB. In ce shekara huɗu idan Allah ya tsare ku daga yajin aiki, don na 2022 kaɗai wata takwas ya cinye.

Shekarar farko share fage ce: tattalin arziki, lissafin kasuwanci, gabatarwa kan akanta, Turanci, kwamfuta. A nan ne ɗalibai da yawa suke fara kuka, saboda sun gudo daga kimiyya don tsoron lissafi, sai suka tarar da shi yana jiransu a bakin ƙofa. Kada wani ya ruɗe ka, Biznes Admin akwai lissafi a ciki. Ba irin na injiniyoyi ba ne, amma wanda kaso cikin ɗari yake ba shi wahala zai sha wuya tun daga aji ɗaya har ya fita. A aji biyu ake shiga ƙididdiga, da akanta ta sosai, da ƙa'idojin gudanarwa, da ilimin tallata kaya, da dokar kasuwanci. A aji uku ake zuwa inda naman yake: sarrafa kuɗin kamfani, lissafin abin da kowane kaya yake ci kafin ya fito, kula da ma'aikata tun daga ɗauka har sallama, tsara aikin masana'anta, da hanyoyin bincike. Aji huɗu kuma dabarun shugabancin kamfani gaba ɗaya, da kasuwancin ƙasa da ƙasa, da lissafin yanke shawara, sannan furojet, wato binciken da ɗalibi yake rubutawa kafin ya kammala digiri. Tun daga sabon tsarin manhaja da hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, kashi 70 na darussan iri ɗaya ne a duk jami'o'in Najeriya, kashi 30 kuma kowace jami'a ita take tsara nata. Saboda haka ko Bayero ka shiga, ko Ahmadu Bello a Zariya, ko Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko wata jami'ar jiha, ƙashin bayan karatun ɗaya ne. Bambancin yana wajen malamai da yawan ɗalibai a aji.

Daga cikin waɗannan duka, idan ka tambaye ni waɗanda za su canja yadda kake kallon shagon Alhaji, zan ce uku ne. Akanta ta farko, domin ita za ta koya maka cewa kowace naira da ta motsa tana da inda ta fito da inda ta shiga, kuma dole a rubuta ɓangarorin biyu. Tsarin tsoho ne, wani malamin lissafi ɗan Italiya mai suna Luka Facoli ya bayyana shi a rubuce tun 1494, daga abin da ya ga fataken Benis suna yi, kuma har yau a kansa bankunan duniya suke tafiya. Na biyu sarrafa kuɗi, inda za ka koyi tambayoyin da ba a cika yi a kasuwa ba: kwana nawa turmi yake yi a kan kanta kafin ya fita, kwana nawa kuɗinmu suke kwana a hannun masu bashi, wane zane ne yake kawo ciniki amma ba ya kawo riba, nawa ne kayan da suka yi kwantai suka danne mana. Na uku dokar kasuwanci. Mutane da yawa suna zuwa hukumar rajistar kamfanoni, CAC, su yi rajistar sunan kasuwanci su ɗauka sun buɗe kamfani. Ba ɗaya ba ne. Mai sunan kasuwanci shi da harkarsa abu guda ne a idon doka, in bashi ya hau harkar ana iya bin gidansa da motarsa. Kamfani mai iyakantaccen alhaki kuwa mutum ne mai zaman kansa a wurin doka, yana mallaka, ana binsa bashi, kuma ba ya mutuwa don mai shi ya mutu, hannun jarin ne ake gada. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ma ba mutum ɗaya tilo damar kafa ƙaramin kamfani irin wannan, abin da da sai mutum biyu. Wannan darasin kaɗai, in ka kai shi gida, ya biya kuɗin rajistar zango.

Ba zan ɓoye maka aibin karatun ba, tunda ni ma a cikinsa nake ci. Yawancin ka'idojin da za ka haddace an gina su ne a kan manyan masana'antun Amurka da Turai. Za ka ji sunan Firedirik Tela, injiniyan Amurka da ya riƙa auna motsin leburori da agogo a masana'antar ƙarfe, ya fitar da ka'idojinsa a 1911. Za ka ji na Anri Fayol, Bafaranshe shugaban kamfanin haƙar ma'adinai, da ka'idojinsa 14 na 1916, waɗanda babu ɗalibin da zai fita bai zayyano su a jarrabawa ba. Makarantar kasuwanci ta farko a matakin jami'a, Waton, a Amurka aka buɗe ta a 1881, digirin MBA kuma, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, a jami'ar Habad ta Amurka aka fara shi a 1908. Ba laifi ba ne a san su, akwai hikima a ciki. Laifin shi ne ɗalibi ya yi shekara huɗu a Kano, tsakaninsa da Dawanau da Singa da Kurmi da Kwari kuɗin adaidaita ne, amma ya fita bai taɓa jin an kawo dillali ko la'ada ko adashi ko sallamar yaron shago a matsayin darasi ba. Alhali tsarin da maigida yake riƙe yaro shekaru yana koya masa, sannan ya sallame shi da jari ko ya tsaya masa a ba shi kaya, cikakken tsari ne na horar da ma'aikata da samar da jari, kuma ya fitar da attajirai fiye da yadda ajinmu ya fitar. Wasu malamai suna ƙoƙarin shigo da irin wannan, wasu kuma takardar da aka karanta musu ita suke karanta wa ɗalibai.

Sai maganar furojet, wadda in na fara ta raina yake ɓaci. Duk shekara sai an kawo min take iri ɗaya, wai tasirin ƙarfafa gwiwar ma'aikata a kan ƙwazonsu, a wani banki. An sayo shi ne a shagon kwafi, an canja sunan bankin da shekara. Na taɓa kiran wani in tambaye shi ma'aikata nawa ya raba wa takardar tambayoyi, sai da ya buɗa shafin ya duba. A shekarar kuma wata yarinya ta zo ta ce tana so ta yi nata a kan sana'ar mahaifiyarta ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana jin kunya kamar ta faɗi abin dariya. Na ce ta je ta auna komai na wata uku: gyaɗa, itace, niƙa, ladan masu taya aiki, robobi. Da ta dawo, lissafinta ya nuna cewa kuɗin man kusan mayar da abin da aka kashe kawai yake yi, ribar gidan a ƙulin take, abin da suke ɗauka kamar rara. Ita ce ta fi kowa koyon Biznes Admin a wannan ajin, ko da yake ba ita ta fi kowa maki ba.

Mu dawo kan abokanka. Rabin maganarsu gaskiya ce. Kwas ɗin yana cikin waɗanda suka fi cika, kusan kowace jami'a da kwalejin fasaha tana yaye ɗalibansa duk shekara, kuma ba shi da wata ƙofa da aka ce sai mai shi ne zai shiga. Likita yana da lasisinsa, lauya yana da nasa, akanta yana da ƙungiyarsa. Mai Biznes Admin kuwa duk aikin da zai nema, wanda ya karanta tattalin arziki ko kimiyyar siyasa ko ma tarihi yana iya nema tare da shi. Faɗinsa shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma rauninsa: ka taɓa komai, ba ka nutsa a komai ba. Wanda ya fito da takardar kawai, ya ce shi manaja ne, zai daɗe yana yawo da fayil. Babu kamfanin da yake ɗaukar yaro ɗan shekara 23 ya ba shi mutane ya shugabanta. Ana ɗaukarka ne don wani aiki takamaimai da hannunka ya iya.

Ɗaya rabin kuma ba su sani ba. Bankuna, kamfanonin sadarwa, masu sarrafa kayan masarufi da siminti, kamfanonin inshora da fansho, ƙungiyoyin agaji, hukumomin gwamnati, duk suna ɗaukar masu wannan digirin, a sashen ma'aikata, da saye da adana kaya, da talla, da kula da rassa. Amma ka san abu biyu tun yanzu. Manyan kamfanoni sukan tace masu nema da darajar digiri da kuma shekaru, da yawa ba sa duba wanda ya gaza daraja ta biyu, wasu ma sai babbar daraja ta biyu, wadda a ma'aunin maki biyar take farawa daga 3.50, daraja ta ɗaya kuma daga 4.50. Makin aji ɗaya yana shiga wannan lissafin, kuma wanda ya yi wasa a shekarar farko yakan ƙare sauran ukun yana cike rami. Na biyu, bayan tacewar akwai jarrabawar gwaji ta lissafi da Turanci a kan kwamfuta da ƙayyadadden lokaci. A nan yaranmu da yawa suke zubewa, ba don rashin ƙwaƙwalwa ba, don sun saba da haddar takardar malami su juye. Ka kuma sani aikin banki da ake yi wa kallon aljanna, da yawansa yanzu na kwantiragi ne, a ɗora maka adadin kuɗin ajiya da za ka nemo duk wata. Na san yaran Kwari da suke samun abin da ya fi wannan albashin, ba tare da taye a wuya ba.

Maganin faɗin kwas ɗin shi ne ka haƙa rijiya ɗaya mai zurfi a gefensa. In lissafin kuɗi ya fi kwanta maka, ka fara jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN, wadda tana da matakin share fage da ɗalibi zai iya shiga tun yana makaranta, ko ka bi ta ɗaya ƙungiyar akantocin, ANAN, bayan ka gama. In harkar ma'aikata ce, akwai jarrabawar cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata, CIPM. In banki ne, akwai ta cibiyar ƙwararrun ma'aikatan banki, CIBN. Cibiyar gudanarwa ta Najeriya, NIM, tana da shiri na musamman ga masu yi wa ƙasa hidima, da yawa a lokacin bautar ƙasa suke yin nata. Kuma ko wace ka zaɓa, ka iya Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, kamar yadda ka iya ƙirga turmi. Ban san wani abu guda da yake raba masu digirin nan gida biyu a wurin aiki kamar wannan manhajar ba. Maganar MBA kuwa ka ajiye ta tukuna. Ga makarantar kasuwanci ta Ɗangote nan a Bayero, ga ta ABU, ba inda za su je. Digiri ne da yake amfanar wanda ya riga ya yi aiki ya ci karo da matsaloli, ya zo aji da tambayoyinsa. Wanda ya zarce daga bautar ƙasa don ya rasa abin yi, maimaita aji uku kawai zai yi da tsada.

Akwai tambayar da ba ka yi ba amma na san Alhaji zai yi ta, ita ce ta kuɗin ruwa. E, za a koya maka lissafinsa, dalla-dalla, domin tsarin kuɗin duniya a kansa yake tafiya, kuma ba za ka iya karanta takardar banki ko ka auna tayin da aka yi maka ba in ba ka san shi ba. Sanin yadda ake lissafa abu daban, cin sa daban, hukuncin aiki a inda ake mu'amala da shi kuma malaman addini za ka tambaya, ba ni ba. Abin da zan ƙara shi ne yanzu akwai fili a bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, ga Lotus, gwamnatin tarayya ma ta fara fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, a 2017 tana gina tituna da kuɗin. Jami'ar Bayero tana da cibiya sukutum ta nazarin banki da hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Yaron da ya san hanyoyin ciniki da haɗa jari na Musulunci, irin su murabaha da mudaraba da musharaka, daga littattafan fiƙihu, ya kuma iya lissafin zamani, ba shi da yawa a kasuwar aiki, kuma ana nemansa.

Sharuɗɗan shiga ba su da wuya. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da tattalin arziki. A JAMB za ka rubuta Turanci, lissafi, tattalin arziki, da ɗaya daga darussan da suka danganci fannin, kamar kasuwanci ko akanta ko gwamnati. Ka buɗa kundin JAMB na shekarar ka karanta abin da jami'ar da ka zaɓa ta rubuta da idonka, kada ka bar wa mai shagon intanet ya zaɓa maka, don darasi ɗaya da aka saka ba daidai ba yana hana mutum gurbi ko makinsa ya kai. Ka kuma nemi maki mai yawa, saboda masu neman kwas ɗin sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba. Kada ka rikita shi da Fablik Admin, wancan na harkar mulki da aikin gwamnati ne. Idan kuma ka ga kai mutumin lamba ne tsantsa, ka yi tunanin karanta akanta kai tsaye, domin mai akanta yana iya zama manaja daga baya, amma manaja ba ya zama akanta sai ya koma ya yi jarrabawa.

To ya dace ka shiga? Da wani yaro ne ya tambaye ni, wanda bai taɓa sayar da ko ashana ba, yana so ne kawai a ce yana jami'a, da na ja masa kunne sosai. Kai kuwa na ce ka shiga, bisa sharaɗi ɗaya: kada ka bar shagon. Abin da sauran 'yan ajinku za su riƙa hasashe a takarda, kai kana da shi a gabanka da kuɗin gaske da kwastomomin gaske. Ka zaɓi jami'ar da za ka iya zuwa kasuwa ranar Asabar da lokacin hutu. Duk abin da aka koya maka a mako, ka nemi inda yake a shagon. In ka nema ka rasa, ka dawo ka tambayi malamin, ko ka tayar masa da hankali. In zaman aji kullum ba zai yiwu ba saboda shagon, akwai jami'ar karatu daga gida ta NOUN, ABU ma tana da sashen karatu daga nesa da yake ba da wannan digirin, ko da yake ga mai shekarunka na fi son ka zauna cikin ɗalibai, don abokan da za ka yi a can su ne manajojin banki da jami'an kwastan da za ka tarar nan da shekara goma sha biyar.

Game da Alhaji kuma, kada ka je masa da gardama, kada kuma ka koma gida bayan zango ɗaya ka fara gyara masa kasuwanci da Turanci. Na ga yaran da suka yi haka, aka karɓe makullin sito daga hannunsu. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ciyar da gida daga shago ɗaya ya san abubuwan da babu su a littafina. Kada ma ka tambaye shi nawa ne jarin shagon, ba zai faɗa maka ba, kuma zai fara yi maka wani kallo. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ka nemi izininsa ka riƙa rubuta abu ɗaya tak: bashin da ake bin mutane. Suna, ranar da aka ɗauki kaya, turmi nawa, nawa aka kawo, yaushe. Ka yi wata uku kana yi ba ka ce komai ba. Ranar da aka yi musu da wani kwastoma a kan ko saura dubu tamanin ne ko dubu hamsin, za ka ji ya ce, kai, ɗauko littafin nan naka. A wannan makon za ka sake tayar masa da maganar jami'a.